Awon ragowar kuza da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya: nazarin aikin wata ɗalibar kimiyyar nukiliya a Jos

## Tushen aikin

Ɗalibar tana shekara ta biyu a karatun digiri na biyu. A Bukuru take zaune, tana koyarwa a wata sakandare daga ƙarfe takwas zuwa biyu, don haka ɗakin gwaji sai da sassafe ko da yamma.

Abin da ta ɗauka za ta bincika a ƙofar gida yake. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka buɗe haƙar kuza a tudun Jos, kuma a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait, ma'adinin da ake haƙowa tare da kuza. Da farashin kuza ya karye a 1985, abin da ya rage na manyan kamfanoni ya durƙushe, aka bar kududdufai da tsibin ƙasa a Bukuru, Rayfield, Bisichi da Barikin Ladi. Masu haƙar hannu da masu wanki suna nan suna aikinsu har yau. Kuza kuwa ba ta fitowa ita kaɗai. Tare da ita akwai monazait, mai ɗauke da toriyom da yawa, da zirkon, mai ɗauke da yuraniyom da toriyom. In an tsame abin sayarwa, sai a bar yashi mai nauyi a gefen rumfa, wasu su kwasa su yi filasta ko su cike rami da shi. Manoman rani kuma suna ban ruwan tumatir, kabeji da karas daga kududdufan.

Tambayar kundinta ita ce: bekarel nawa na radiyom-226, toriyom-232 da fotasiyom-40 ke cikin kilo ɗaya na wannan ragowa da na ƙasar gonakin da ke kusa? Bekarel ɗaya na nufin ƙwayar zarra ɗaya tana rikiɗa a kowace daƙiƙa, ana taƙaita awon da Bq/kg.

Na'urar ɗakin gwajin ta kiristal ɗin NaI ce, wato sodiyom ayodayid, faɗinsa santimita 7.6, tsayinsa ma haka, a cikin garkuwar dalma. Hasken gama shi ne hasken da waɗannan sinadarai ke fitarwa, wanda ido ba ya gani. Duk wanda ya faɗa cikin kiristal sai ya tayar da 'yar walƙiya, bututun da ke bayansa ya mai da ita bugun lantarki, kwamfuta ta jera bugun bisa ƙarfinsa a gurbi 1,024. Abin da ke fitowa a allo zane ne mai tozo-tozo, kowane tozo da mai shi. Na fotasiyom-40 yana keV 1,461 (keV awon ƙarfin hasken ne). Radiyom da toriyom ba su ake kallo kai-tsaye ba, zuriyarsu ake bi, wato sinadaran da suke rikiɗa su zama: bismut-214 a keV 1,764 shi ke wakiltar radiyom, taliyom-208 a keV 2,614 shi ke wakiltar toriyom.

## Oktoba zuwa Nuwamba: ɗibar samfur da shirya shi

Daga 6 zuwa 24 ga Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, ta ɗebo samfur 30: guda 12 na ragowar wanki, 12 na ƙasar gonaki, 6 daga wurin da ba a taɓa haƙa ba domin kwatance. A kowace gona ta haƙa wuri biyar, zurfin santimita 15, ta gauraya su wuri guda. A wata rumfar wanki, wata dattijuwa ta ciko mata kwano da baƙin yashi ta ce, "'Yar nan, ɗaga ki ji. Kwano ɗaya na wannan ya kai biyu na yashin rafi." Ta ɗaga, ta ji nauyin, amma maganar ba ta shiga littafinta ba.

An shanya samfuran mako guda a inuwa, aka gasa su awa 24 a zafin digiri 105, aka daka, aka tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. Ta auna giram 350 daidai a kowace roba mai cin mililita 300, ta danna murfi, ta naɗa tef na takarda zagaye ɗaya. Ƙasar gona ta kusa cika robar. Ragowar kuza kuwa a rabi ta tsaya. Robobi goma na farko kwana 14 kawai suka yi a rufe, saboda layin na'ura ya zo kanta kuma ba ta so ya wuce ta.

## Disamba zuwa tsakiyar Janairu: matsala ta bayyana

Ranar 2 ga Disamba da rana aka saita na'urar da siziyom-137, mai tozo a keV 662, da kobal-60, mai tozo biyu a 1,173 da 1,332. Sau ɗaya aka yi. Don mai da ƙidaya zuwa bekarel, ɗakin gwajin yana da garin kwatance guda uku na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA: RGU-1 mai yuraniyom (kakan radiyom) Bq/kg 4,940, RGTh-1 mai toriyom 3,250, da RGK-1 mai fotasiyom 14,000. Awon wofi, wato robar da ba komai a ciki, shi ma sau ɗaya aka yi, da rana. Ta ja taga, wato iyaka biyu a kan zanen, mai faɗin keV 120 a kan kowane tozo, tana ƙirga abin da ya faɗa ciki.

Kowane samfur daƙiƙa 36,000 yake yi, awa 10 ke nan. Takan sa ɗaya ƙarfe bakwai na safe kafin ta wuce makaranta, ta sa wani ƙarfe shida na yamma ya kwana.

Ranar 14 ga Janairu malaminta mai duba aikin ya ce a maimaita samfur uku. Na gona mai lamba G7, wanda ya ba da toriyom Bq/kg 210 da rana a Disamba, sai ya ba da 168 da dare. Bambancin kashi 20 cikin 100 ne, alhali kuskuren ƙidaya bai kai kashi 3 ba. Sauran biyun ma sun goce, kowanne da nasa.

Sai kuma samfurin ragowa mai lamba R4, wanda ya nuna fotasiyom-40 har Bq/kg 5,100. Malamin ya ce, "Malama, raba wannan da 31 ki gaya mini abin da ya fito." Giram ɗaya na fotasiyom yana da kimanin bekarel 31. Ta raba ta ce, "Ranka ya daɗe, ya haura kashi 16 cikin 100." Felsfa, dutsen da ke ɗauke da yawancin fotasiyom a cikin duwatsun Jos, ko zallarsa aka daka bai wuce kashi 14 ba. Kuma wanki yana kore shi ne tun farko saboda ba shi da nauyi. Lambar ba za ta yiwu ba.

## 15 ga Janairu zuwa 14 ga Fabrairu: abin da aka gwada bai yi ba

Zargi na farko a kan wuta ya faɗa, don ana ɗauke ta sau biyu ko uku a yini a koma janareta. Aka sayo sitabilaiza. Ba abin da ya canja, domin akwatin da ke ba bututun ƙarfin lantarki yana daidaita kansa tun asali.

Sai ta ninka lokacin awo zuwa awa 20. Kuskuren ƙidaya ya ragu a takarda, amma maimaicin bai zo daidai ba, tozon ma sai ƙara faɗi ya yi ya kwanta. Ƙarin lokaci yana maganin ƙarancin ƙidaya ne kawai, ba shi kuwa ke damun ta ba.

Aka duba ko ragowar kuza ta yi wa na'urar yawa har tana tsallake bugu. Lokacin da take ɓatawa a kan haka bai kai kashi 4 ba ko a kan R4, kuma kwamfutar tana rama shi. Aka ajiye wannan.

Wani abokin karatunta ya ba ta shawarar ta auna kowane samfur sau uku, ta yar da wanda ya fi gocewa, ta ɗauki matsakaicin biyun. Malamin ya hana. Mako huɗu suka tafi a haka.

## 17 zuwa 28 ga Fabrairu: zafin ɗaki

A nan aka canja salo. Aka tsayar da awon samfur gaba ɗaya, aka nemi abu ɗaya da aka san abin da ke cikinsa a riƙa maimaita shi. Da farko ta yi tunanin kanwa, tunda da Turancin nan gida fotash ake ce mata. Sunan ne kawai, don yawancin kanwa gishirin sodiyom ne, ba za ta ba da tozon kirki ba. Aka ɗauki gishirin fotasiyom kulorayid na ɗakin gwaji, wanda ke da kimanin Bq/kg 16,000, ba ya fitar da iska, ba ya canjawa, kuma ba ya buƙatar lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa kamar siziyom da kobal.

Aka cika roba da shi, aka sa ma'aunin zafi a cikin garkuwar dalma, aka riƙa ajiye zane duk awa ɗaya har awa 72. Ɗakin rufin kwano ne, tagarsa na kallon yamma. Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin asubarta a wannan lokaci ba sai an faɗa ba. Zafin cikin garkuwar ya riƙa yawo tsakanin digiri 16 da asuba da 28 da la'asar. Tozon fotasiyom kuma ya bi shi sau da ƙafa: gurbi na 506 da asuba, na 491 da la'asar. Gurbi 15 ke nan, kashi 3 cikin 100, kimanin keV 44. A kan tozon toriyom wannan kaso ya kusa keV 80. Taga mai faɗin keV 120 da aka kafa da rana ba za ta riƙe tozon da ya yi irin wannan tafiya da dare ba. Hasken da kiristal ke bayarwa da ƙarfin bututun duka suna canjawa da zafi, halin wannan na'ura ne a ko'ina take.

Zanen ya nuna wani abu kuma. Duk lokacin da aka ɗauke wuta na'urar ta mutu aka sake kunna ta, sai tozon ya yi kusan minti 90 kafin ya zauna. Ashe wuta na da hannu, amma ta hanyar kashewa da kunnawa.

Gyaran da aka yi shi ne, an haɗa na'urar da inbata da batir don kada ta sake mutuwa, in kuma ta mutu a ba ta awa biyu kafin a fara ƙirga. An sa labule mai kauri, an naɗe garkuwar da soso. An raba awa 10 zuwa gida goma, kowane zane a daidaita shi da tozon 1,461 da na 2,614 kafin a haɗa su. An kuma faɗaɗa tagogin zuwa waɗanda IAEA ta saba amfani da su: 1,370 zuwa 1,570 ga fotasiyom, 1,660 zuwa 1,860 ga radiyom, 2,410 zuwa 2,810 ga toriyom.

Gyaran ya zo da nasa ciwon. Da aka rufe tagar ɗakin don tsare zafi, awon wofi na asuba ya fara nuna tozon bismut-214 a 609 da 1,764 fiye da na rana. Iskar radon ce da ke fitowa daga ƙasa da bango take taruwa a ɗakin cikin dare, ta shiga sararin da ke cikin garkuwar. Aka cike sararin da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin, an naɗe shi da leda, aka mai da awon wofi sau biyu a mako, ɗaya da rana ɗaya da dare. Bayan haka an auna G7 sau biyar, toriyom ɗinsa bai goce fiye da kashi 3 ba.

## Maris: radon da ke tserewa daga roba

Toriyom ya zauna, radiyom bai zauna ba. Ma'aikacin ɗakin gwajin ne ya lura cewa tef ɗin takarda ya bushe da hunturu ya ɗago a yawancin robobin.

Ga yadda abin yake. Radiyom-226 yana rikiɗa ya zama radon-222, wanda iska ce, sannan radon ya haifi dalma-214 da bismut-214 da ake aunawa. In radon ya fice, zuriyarsa ba za ta taru ba, sai awo ya nuna ƙasa da gaskiya. Rabin ransa, wato lokacin da rabinsa ke ɗauka ya rikiɗe, kwana 3.8 ne. In an toshe roba yau, rabin abin da ya tsere zai dawo cikin kwana 3.8, kashi uku cikin huɗu a kusan kwana 8, kashi 92 cikin 100 a kwana 14, sama da kashi 99 a kwana 28. Dalilin jiran mako huɗu ke nan. Toriyom ma yana da tasa iskar, radon-220, amma rabin ranta daƙiƙa 56 ne, kafin ta kai murfi ta rikiɗe. Shi ya sa yoyon bai taɓa awon toriyom ba.

Ranar 3 ga Maris aka juye G7 da R4 cikin sababbin robobi masu kauri, masu murfin murɗawa. Aka shafa Vaseline a zaren murfin, aka bi bakin da gam mai haɗi biyu, aka zuba narkakken kyandir a kai, aka naɗe da tef na roba, aka rubuta kwanan wata. G7 an cika shi har baki, don iskar da ta taru a saman roba tana nesa da kiristal. An auna su a kwana na 1, 4, 8, 15, 22 da 29.

Radiyom ɗin G7 ya tashi daga Bq/kg 74 a kwana na 1 zuwa 92 a kwana na 29, tashin kuma ya bi lissafin kwana 3.8. Na R4 bai motsa fiye da kashi 3 ba. Wannan ma yana da dalili: a cikin zirkon da monazait radiyom yana kulle ne a tsakiyar ƙwayar, radon da ya haifa ba ya samun hanyar fita sai kaɗan. A jar ƙasar gona kuwa radiyom yana manne a bayan ƙwayoyin laka, ƙofa a buɗe take. Wato samfuran gonaki, waɗanda suka fi shafar mutane, su yoyon ya fi cuta.

Ranar 3 ga Afrilu aka sake toshe duka samfuran ta wannan hanya.

## Afrilu zuwa Yuni: fotasiyom na ƙarya da nauyin yashi

Yayin da ake jiran kwana 28, ta koma kan lambar 5,100. Aka ɗora RGTh-1, wanda kusan ba fotasiyom a cikinsa, sai ga tagar fotasiyom ta cika. Aka ɗora RGU-1, shi ma haka.

Na'urar NaI ba ta da kaifin ido. Tozonta a keV 662 yana da faɗin kusan kashi 7 cikin 100, don haka layuka masu maƙwabtaka sai su narke su zama tozo ɗaya. Aktiniyom-228, daga zuriyar toriyom, yana da layi a keV 1,459, tazarar da ba ta kai keV 2 ba daga na fotasiyom. Wannan layi shi kaɗai yana ƙara kimanin Bq/kg 80 na fotasiyom na ƙarya a kan kowane 1,000 na toriyom. Yana da wasu layukan kusa da 1,500. Bismut-214 ma yana da nasa a 1,378, 1,408 da 1,509, duka a cikin tagar. Ga kuma hasken 2,614 wanda sau da yawa ba ya sauke ƙarfinsa duka a kiristal, sai ya bar wani kaso ya fice, kason ya faɗa tagogin ƙasa. A ƙasar gona ta yau da kullum, inda toriyom ke 'yan gomomi, fotasiyom na ɗaruruwa, wannan cuɗanya ba ta da yawa. A ragowar kuza mai toriyom dubbai, ita ce ke cika tagar.

Maganin lissafi ne. A auna garin kwatance uku da robar wofi, a fitar da ƙidayar da bekarel ɗaya na kowane sinadari ke jefawa a kowace taga. Lambobi tara za su fito. Da su ake warware lissafi uku a haɗe ga kowane samfur, a cire rabon toriyom da na radiyom daga tagar fotasiyom, a cire rabon toriyom daga tagar radiyom. Ta yi shi a Excel, ta gwada shi da garin kwatancen da aka gauraya a sani, ya dawo da abin da aka zuba.

A wurin wannan gauraya ne aka ankara da robobin ragowar da ke rabi. Garin kwatance giram 350 yana kusan cika roba, ragowar kuza giram 350 tana kwance a ƙasa, dab da kiristal. Abin da ke kusa ya fi shiga ido, saboda haka na'urar tana ƙirga ragowar fiye da haƙƙinta. Cika robar ma ba mafita ba ce, don nauyin zai ninka, yashin ƙasa ya tare hasken na sama, awo ya ragu da kashi 10 zuwa 20. Dole nauyi da tsayi su zo daidai da na garin kwatance a lokaci guda.

Hanyar ita ce sirkawa. RGU-1 da RGTh-1 su kansu ma'adinai ne da aka sirka da garin silika. Aka samo farin garin silika, aka fara auna shi shi kaɗai aka tabbatar ba shi da wani abin kirki. Aka niƙa ragowar ta yi laushi kamarsa, aka haɗa giram 35 da giram 315 na silika, aka girgiza a rufaffen kwalba minti 20. In ba a niƙa ta yi laushi ba, ƙwayoyi masu nauyi za su gangara ƙasa a koma gidan jiya. Gwajin mai sauƙi ne: a auna robar a tsaye, a kifa ta a sake aunawa. Biyu daga cikin 12 sun ba da bambancin da ya haura kashi 5, aka sake niƙa su. Niƙan nan da takunkumi da safar hannu aka yi shi, ana goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, domin ƙurar toriyom in ta shiga huhu ta fi haskensa na waje haɗari.

Wannan ya sa aka fasa robobi 12 da aka toshe a Afrilu, aka sake toshe su ranar 12 ga Mayu, aka sake jiran kwana 28. An gama awon duka samfur 30 a ƙarshen Yuni.

## Yuli zuwa Oktoba: tabbatarwa da sakamako

Aka kai samfur shida wata cibiya mai na'urar jamaniyom, wadda ake sanyaya ta da ruwan naitirojin a digiri 196 ƙasa da sifili, kaifinta kuma kusan keV 2 ne a 1,332. Radiyom da toriyom na duka shidan sun zo cikin tazarar kashi 10 da nata. Toriyom ɗin R4, wanda lissafin Disamba ya kai shi 11,800, ya sauka zuwa 9,100, na'urar jamaniyom ta ba da 8,800. Fotasiyom ɗinsa ya faɗo ƙasa da 400, kuma ko a can sai da aka cire rabon layin 1,459, don jamaniyom ma ba ya raba su. A kundin ta rubuta cewa fotasiyom na ragowar da aka sirka yana ƙasa da abin da NaI ke iya ganowa. Ta kuma gyara kan jadawalinta daga yuraniyom-238 zuwa radiyom-226, tunda bismut ta auna.

Don fitar da yawan hasken da mutum ke sha a tsayin mita ɗaya daga ƙasa, ta yi amfani da lambobin rahoton 2000 na kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya, UNSCEAR: a ninka radiyom da 0.462, toriyom da 0.604, fotasiyom da 0.0417, a samu nanogire a awa. Matsakaicin duniya bai wuce kimanin 60 ba. Toriyom ɗin R4 shi kaɗai ya ba da kusan 5,500. Da a ce fili duka irinsa ne, zaman kimanin awa 260 ya isa a kai milisibat 1 a awon illar haske ga jikin mutum, iyakar da ake kwatanta jama'a da ita a shekara. Ta bayyana cewa lissafin yana ɗauka fili ne mai faɗi iri ɗaya, tsibi a gefen rumfa ko filasta a bango ba haka suke ba. Ƙasar gonakin ta haura matsakaicin duniya a toriyom, amma tsakaninta da ragowar akwai rata mai nisa.

Ta kare kundin a Oktoba, wata shida bayan lokacin da aka tsara, da kuɗin ƙarin zangon karatu ɗaya.

## Hukunci

Na'urar lafiyarta ƙalau tun daga farko. Hanyar da ɗalibar ta bi ma ba ta ƙirƙira ba ce, ita ake gani a kundaye da yawa: nauyi ɗaya ga kowa, saiti sau ɗaya, taga uku. Hanya ce da aka tsara wa ƙasar da ba ta da wani abin mamaki, a ɗakin da zafinsa ba ya motsi. An ɗauko ta an ɗora a kan yashin da ya ninka ƙasa nauyi, ya ninka ta toriyom sau ɗaruruwa, a ɗaki mai rufin kwano cikin hunturun Jos.

Kuskuren da ya fi tayar da hankali shi ya fi ƙarancin illa. Fotasiyom 5,100 nanogire 213 kawai yake ƙarawa. Robar da ke rabi, wadda ba wanda ya kula da ita har Afrilu, ta ƙara toriyom 2,700, sama da nanogire 1,600 ke nan. Da lambar fotasiyom ba ta wuce hankali ba, da kundin ya wuce da wannan kuskure a cikinsa, wani ya zo ya kafa hujja da shi. Raba lamba da 31 da malamin ya sa aka yi aikin minti ɗaya ne, kuma ya kamata a yi irinsa tun a samfur na farko. Hana zubar da awon da ya goce shi ma daidai ne, don gocewar ce ta kai ga ma'aunin zafi.

Mako huɗun farko sun tafi ne saboda ana canja abubuwa ana gwadawa a kan samfurin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Gishirin fotasiyom da ma'aunin zafi sun ba da amsa a kwana uku, kuma suna ɗakin tun Disamba. Kwana 28 na biyu kuwa asarar tsari ce: da an kammala maganar nauyi da sirki kafin a toshe, da jira ɗaya ya isa. A nan akwai rabon mai duba aikin, don shi ya fi sanin cewa duk robar da aka fasa wata guda ta ci.

Akwai abin da kundin bai taɓa ba. Bai auna abin da kabeji da karas ke zuƙa daga ƙasar ba, bai kuma auna ƙurar da masu busar da ragowa da masu tankaɗe ke shaƙa a rumfunan wanki ba. Wannan na biyun yana buƙatar famfon zuƙar iska da takardar tace ƙura da na'urar ƙirga ƙwayoyin alfa da toriyom ke fitarwa, kuma matan da ke yini a rumfunan, irin dattijuwar da ta miƙa mata kwano, su ne ke tsaye a cikin ƙurar.